Ƙararrawar Keken Injiniya

Danja ce ta tsayar da su, da ma ba ta tsayar ba.

Auta tana zaune a bayan motar yayarta. A gefenta akwai wata ƙawar Yaya, mace mai turare da kaifin baki, wadda tun da suka taso take lissafa wanda ya samu da wanda ya tsiyace cikin mazan ƙawayensu. Gilashin motar a sauke yake. Sai ga wani mai keke ya zo ya tsaya daidai ƙofar Auta, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hular kwano ta karkace, tumbi ya kwanta kan ƙarfen keken.

Mijinta ne, wanda dangi kaf suke kira Injiniya. Ya juyo ya gan ta, fuskarsa ta washe, ya kai yatsa ya kaɗa mata ƙararrawa.

Ƙawar Yaya ta tuntsire da dariya.

"Ikon Allah, ji wani ƙato a kan keke! Ke fa yake yi wa murmushi. Kin san shi ne?"

"A'a," in ji Auta. "Ban san shi ba."

Bakinta ne ya riga ta, wallahi. Kafin ta ankara hannunta ma ya bi sahu, ya ɗaga gilashi. Danja ta saki, motar ta wuce, ita kuwa ko waiwaye ta kasa.

Abin haushin, ita da kanta ta ɗaura ƙararrawar nan. Watannin baya Injiniya ya yanke jiki ya faɗi a matattakalar ofishinsu, dafe da ƙirji. Likita bai ɓoye musu komai ba: kitse ya fara toshe jijiyoyin zuciya, an taki sa'a wannan karon, amma in ba a canza ci ba, in ba a motsa jiki ba, karo na biyu ba lallai ya zo da sallama ba. Injiniya ya roƙe ta kada dangi su ji, don ba ya son a mayar da shi abin tausayi yana da sauran ƙuruciyarsa. Ta rufa masa. Ta kori soye-soye daga kicin, ta rage gishiri, ta koyi dafa kifi da ganye ta yadda mutum zai ci bai yi kuka ba. Ranar da ya ajiye mota ya sayo keke, ta sa masa ƙararrawa, ta ce duk sanda ya iso ƙofar gida ya kaɗa, don daga fitarsa har dawowarsa ranta a hannu yake.

Da yammar ranar tana yanka kabeji sai kawai ta ji an turo ƙofa. Babu ƙararrawa. Ya yi sallama, ya jingine keken a bango, ya yi wanka, ya cinye abincinsa har ya yaba. Bai ce mata kanzil ba game da danja. Da ma ya yi faɗa, da ta samu abin riƙewa.

Washegari ya ɗauki makullin mota.

Tun daga nan keken ya zama kayan ado. Ƙura ta hau sirdin, tayar baya ta sace. Auta takan share tsakar gida ta kewaye shi kamar mai kewaye wanda ta yi wa laifi. Sau da yawa ta shirya magana a ranta, ta tsara ta tsaf, amma da ya ɗago ya ce "Tawan, ya aka yi?" sai ta tambaye shi ko a ƙara masa ruwa.

Jiki kuwa ba ya ɓoye sirri. Bel ɗin da ya yi murnar matsewa ya koma raminsa na da. Wata safiya ya sunkuya ɗaure takalmi, ya ɗago yana jan numfashi da ƙyar, irin jan da ta sani, irin wanda ta ji a gadon asibiti.

Ta ruga gidan Yaya, wai ko za ta samu sauƙi in ta faɗa wa wani. Tana wasa da bakin mayafinta ta ce mai keken nan na rannan mijinta ne.

Yaya ta ajiye kofin shayinta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Auta, ni ce fa na kai ki gidansa. Kin zaci ban gane shi ba? Na buɗe baki zan gaishe shi na ji kin ce ba ki san shi ba, sai na haɗiye. Ni kunyarki ce ta kama ni, ba tasa ba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe duk abin nan, don mace guda ta yi shi, macen da ko sunan mijinta ba ta sani ba. Yaya ta so ta ji dalilin keken, ko wani abu ne ya samu aikinsa. Auta ta ce aiki lafiya, sauran kuma shi ne zai faɗa in ya ga dama. Yaya ta taɓe baki, ta ce to ta tashi ta tafi inda ya kamata ta kai wannan hawayen, don nan ba wurinsa ba ne.

Da ya dawo ta tare shi tun bai cire takalmi ba. Maganar da ta tsara duk ta watse, abin da ya fito kawai shi ne, ta san ya ji, kuma ya yi mata duk hukuncin da ya ga dama, amma don Allah ya koma kan kekensa.

Ya zauna a hannun kujera, ya daɗe yana murza makullin motar.

"Ba fushi nake yi ba, Tawan. Da na isa ofis ranar, na tsaya gaban gilashin ƙofa na kalli kaina. Na ce gaskiyarta, ko ni ne ba zan so a ce wannan nawa ba ne. Kin sha wahala da ni a asibiti... ba zan ƙara miki da abin kunya a titi ba."

"To ka zaɓi ka mutu don kada in ji kunya?"

"Ban ce haka ba."

"Likita ya ce."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya shafa kanta, ya ce zai riƙa ɗan tattaki a tsakar gida. Ta san ƙarya ce. Ta kuma gane cewa abin da ta ɓata a bainar jama'a ba zai gyaru a cikin ɗaki ba.

Washegari da la'asar ta goge keken tas, ta tura shi wurin mai faci aka ba taya iska. Ita ba ta iya hawa ba, ko sau ɗaya ba ta taɓa gwadawa ba. Haka ta riƙe ƙahonsa ta kama hanya a ƙasa, hular kwanon tana rataye a hannunta, feda tana dukan ƙwaurinta. Masu shaguna suna kallo, wani direba ya leƙo ya tambaye ta ko mai ne ya ƙare. Fuskarta ta yi zafi, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta isa ƙofar ofishinsu daidai lokacin tashi, mayafi ya zame, gumi har cikin ido. Ta tsaya a gindin matattakalar nan da ya taɓa faɗuwa, ta kama ƙararrawa ta yi ta kaɗawa har abokan aikinsa suka firfito. Shi ne na ƙarshe. Ya tsaya turus.

"Tawan... daga gida kika turo shi?"

Ta miƙa masa hular, ta buɗe ɗaya tafin.

"Ba ni makullin. Kai ka hau, ni ina bayanka."

Ya dubi abokan aikinsa, ya dubi ƙwaurinta da feda ta kurje. Ya sa hular, ta miƙa hannu ta gyara masa ita ta zauna daidai.

Haka suka hau titi, shi a gaba yana taka feda a hankali, don kwanakin hutun sun ci ƙarfinsa, ita a baya cikin mota tana rarrafe, gilasai duk a sauke. Motoci suka taru a bayanta, hon ta ko'ina. Ko a jikinta. Idonta yana kan bayan rigarsa da gumi ya fara jiƙawa.

A danjar nan dai aka sake tsayar da su. Wani mai babbar mota ya matso gefenta, ransa a ɓace, ya ce Hajiya lafiya take tafiya kamar mai rakiyar amarya, ta wuce wannan mai tumbin mana, ko ta san shi ne?

Auta ta leƙo da kanta waje sosai, yadda na gaba zai ji.

"Mijina ne," ta ce. "Mijina ne, kuma ba inda zan wuce shi."

Injiniya bai waiwayo ba. Ta ga dai ya kai bayan hannu ya goge ido. Danja ta saki, ya ɗora ƙafa kan feda, sannan ya kai yatsa ya kaɗa ƙararrawa.