Wasiƙar da Ta Sha Mai

Astajam ta ƙura wa takardar da aka naɗo mata makala, wato fanke, ido.

Mai ya jiƙa ta, amma sa hannun na nan. Tata ce! Wasiƙar marubucin jaridar Yawunde ce, wadda sai da ta shekara tana jira kafin ta iso.

Duk Garwa an san Astajam da tara amsoshin 'yan jarida da masu gabatar da shiri a rediyo, kowace da sa hannun mai ita. Ta haka ma ta haɗu da Bakari, mai shirin gaishe-gaishe, har aka sa musu rana.

"Inna, ina kika samo wannan?" ta tambayi mai makala.

"Adda Dudu, yayar Bakarinki, ta ba ni jaka guda. Wai shara ce."

Aro fa Dudu ta karɓi tarin wasiƙunta! Dama ta rantse ƙaninta ba zai auri mai rubuta wa maza wasiƙa ba.

Da yamma ta tari Bakari da kuka.

"Hamma, ka sani?"

Ya sosa ƙeya. "Haba masoyiyata... takardu ne fa kawai. Zan rubuta miki ɗari."

Takardu kawai! Nan take hawayenta ya ƙafe, tsana ta cika mata ciki.

Bakari yana da wani abin fahari: ba ya buɗe wasiƙar mai sauraro sai a gaban makirfo, wai karatun sabo ya fi daɗi. Kuma in ya ɗauko gudu, bakinsa kan riga idonsa.

Ranar Juma'a, kowane shago an kunna shirin Bakari.

"Ga wata daga Astajam, unguwar Rumde Ajiya! Tana gaida Adda Dudu, tana kuma sanar da jama'ar Garwa cewa ta fasa auren Baka..."

Ya katse karatun.

Sai ƙarar takarda. Sai kiɗa.

Astajam ta ji daɗi har cikin ƙashinta, ko da yake ta yi kuka daga baya.

Washegari wasiƙarsa ta iso, shafi uku na magiya, da sa hannu ƙato a ƙasa. Irin wadda da sai ta sa a gaban tarinta.

Ta kai wa mai makala.

"Inna, naɗe min masu zafi a nan."

"'Yata, wannan ai sabuwa ce!"

"Takarda ce kawai. A kai wa Adda Dudu, ta ci da ƙaninta."