Kujerar Elisapeta

Peniamina ya fara ganin Lupe ne a layin ɗibar abinci, washegarin da jirgin ruwan yawon shaƙatawa ya bar Brisbane. Faranti uku ne a hannunta, tana neman yadda za ta ɗebi shinkafa. Rigarta ruwan ɗorawa ce, irin wadda ya ga wani babban ayari sun saka tun a tasha, an buga a bayanta: Iyalan Uili, Kaka ta cika tamanin.

"Kawo in riƙe miki ɗaya," ya ce.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan Samoa ne kai?"

"E."

"To riƙe biyu."

Suna tafiya ta tambaye shi inda mutanensa suke zaune. Ya nuna mata wani ƙaramin tebur a jikin taga, da kofin shayi ɗaya a kai.

"Kai kaɗai? A jirgin nan? Me ka yi musu suka koro ka?"

Ya yi dariya. Rabonsa da dariya tun watan da aka binne mahaifiyarsa.

Peni, kamar yadda ake kiransa, direban bas ne. Shi kaɗai mahaifiyarsa Elisapeta ta haifa, ita kaɗai kuma ta rene shi da aikin wankin kayan asibiti. Tun bara ya biya musu wannan tafiya, domin ranar cikarta sittin za ta faɗo ne jirgin yana tsakiyar teku. Har da tebur na mutum biyu ya kama a gidan abincin hawa na sama, wanda ba ya cikin kuɗin tikiti, dala casa'in kowane kai.

"Abinci kyauta a ƙasa, kai ka je ka biya a sama?" ta ce masa a lokacin. "Saniyar tasu zinariya ta ci?"

Ta yi ta mita mako guda. Daga baya ya gano ta kai wa tela yadi shuɗi, an ɗinka mata rigar zuwa wurin. Ba ta saka ba.

Kamfanin jirgin ya ce lokacin mayar da kuɗi ya wuce, shi kuma zaman gidan ya ishe shi, sai ya taho. Ɗakinsa gado biyu ne. Kullum mai gyaran ɗaki yakan naɗe tawul ya yi siffar giwa ko zomo, ya ajiye a kan gadon da ba a kwana.

Lupe tana aiki a wani kantin magani a Logan, wani gari kusa da Brisbane. Da ita da shi suka fara aika wa juna saƙo ta manhajar jirgin.

"Direba, na hango ka. Kana cin gwaza da wuƙa da cokali kamar Bature. Abin kunya."

"Ba mai kallona, shi ya sa."

"Ga ni ina kallo."

"To na daina, Kurciya."

Ma'anar sunanta ke nan da harshensu, kuma daga ranar bai sake kiranta da wani suna ba.

Da jirgin ya tsaya a tsibirin Lifou suka yi tafiya a bakin ruwa, goggonta tana biye da su da lema, ba ta matso ba, ba ta kuma yi nisa ba. Lupe ce mai yawan maganar. Ta ba shi labarin gidansu, inda ba a taɓa dafa abincin mutum goma ba sai an samu ashirin sun ci. Ta ce wani lokaci a cikin mota take cin abincin rana don ta ji shiru. Ya ce shi shirun yana da shi da yawa, zai iya sam mata.

"Akwai wani wuri a hawa na sama," ya ce. "Ina da tebur ranar Alhamis. Za ki zo?"

"Wurin da ake biya?"

"An riga an biya."

"Sai ka tambayi Baba. Allah ya ba ka sa'a."

Uili, mahaifinta, dattijon coci ne, tsohon ma'aikacin mahauta, mutum mai faɗin kafaɗa da ƙarancin murmushi. A kan teburin da iyalansa suka haɗa a ɗakin ɗibar abinci ya karɓi Peni, bai ce ya zauna ba. A gefensa akwai Iakopo, ɗan faston cocinsu, wanda yake tura keken Kaka, yake kaɗa musu gita da yamma, kowa kuma ya ɗauka shi ne mijin Lupe, ban da Lupe.

"Ɗan wane ƙauye ne kai?"

"Mahaifiyata 'yar tsibirin Savai'i ce a Samoa, ranka ya daɗe. Ni a nan aka haife ni."

"Mahaifinka fa?"

"Ban san shi ba."

"Ita tana ina?"

Peni ya dubi mutanen da suka daina tauna suna sauraro. Ya san abin da za a ce: uwa ba ta yi wata huɗu a kabari ba, ɗa yana yawon shan iska a teku.

"Tana Brisbane," ya ce.

"Ka bar uwarka a gida ka taho cin daɗi." Uili ya mayar da ido kan farantinsa. "Mutumin da ke cin abinci shi kaɗai a cikin dubban mutane, akwai dalili. 'Yata a nan take cin abinci, tare da mu."

Ranar Laraba Peni ya hau sama don ya shaida wa masu gidan abincin cewa mutum ɗaya ne zai zo. Matar da ke bakin ƙofa ta riga shi magana. "Teburin Malam Peniamina da Malama Elisapeta, gobe da yamma, ko?" Ya buɗe baki zai gyara mata, ya kasa. Ya ce e. Bai lura da Iakopo ba, wanda ya tsaya yana duba farashin da aka liƙa a bango.

Kafin ya koma ɗaki Iakopo ya kai labari, saƙon Lupe ya shigo.

"Wace ce Elisapeta?"

Ya rubuta amsa, ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa.

"Ba maganar waya ba ce, Kurciya. Ki bari mu haɗu."

"Wato ta fasa zuwa ne, ka nemi mai cike gurbi. Na yi faɗa da Baba saboda kai. Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Ranar Alhamis ya yini a ɗaki. Da yamma ya saka farar riga, ya ɗaura baƙin zanin maza irin na zuwa coci, ya hau sama. Aka kai shi tebur a jikin gilashi. Rana tana shirin faɗuwa a kan ruwa. Babu kiɗa mai ƙarfi, babu yara masu gudu, babu sanarwa. Ya zauna yana fuskantar kujerar da babu kowa.

Sai ga Uili, cikin kwat ɗin da yake sakawa ranar Lahadi. Ya ja kujerar ya zauna, ta yi ƙara.

"'Yata tana kuka tun jiya," ya ce. "Na zo in ga wurin da ya fi ƙarfin teburina."

Mai hidima ya kawo farantin farko, babba fari, da ɗan yankin kifi a tsakiyarsa da ɗigon wani abu kore. Uili ya leƙa.

"Wannan ɗanɗano ne, ko abincin ke nan?"

"Somin-taɓi ne, yallaɓai."

Ya ɗauke shi a loma ɗaya. Na biyu ma haka. Da nama ya zo, mai hidimar ya yi bayanin cewa an rataye shi ne makonni a ɗakin sanyi kafin a gasa.

"Shekara talatin ina yankan nama," Uili ya ce masa. "Wanda ya kwana biyu rage masa kuɗi muke yi. Ku ƙarawa kuke yi?" Ya tauna. "Yana da laushi dai. Amma rabonsa bai kai tafin hannun jariri ba."

Ya ajiye wuƙa ya dubi Peni.

"Yaro, bari in gaya maka abin da babu wanda ya gaya maka. Mai neman 'yar mutane shi yake ɗaukar abinci ya kai gidansu, ya zauna a ƙasa, kowa ya ci, kowa ya gan shi. Ba ya zare ta daga cikin 'yan'uwanta ya kai ta bayan ƙofa su ci su biyu. Da a ce da kuɗin nan kwalin kaji ka saya da buhun gwaza, da mun san mutum ne ya zo. Yanzu gaya min, wace ce Elisapeta?"

Peni bai kai ga amsawa ba. Ma'aikata huɗu suka fito daga kicin suna tafi, suna rera waƙar murnar ranar haihuwa, na gabansu riƙe da kek da kyandir ɗaya a kunne. Tun bara ya ba da odar, ya kuma manta. Suka iso teburin, suka dubi ƙaton dattijon da ke kujerar, waƙar ta fara mutuwa a bakinsu. Aka dai ajiye kek ɗin. A jikin farantin an rubuta da cakulan: Barka da cika sittin, Mama Elisapeta.

Uili ya karanta. Ya ɗaga musu hannu, suka janye.

"Ka ce tana Brisbane."

"A can take. A maƙabartar bayan unguwarmu. Wata huɗu ke nan saura kaɗan."

Kyandir ɗin yana ta ci.

"Shekarunta duka ita take yi wa mutane hidima," Peni ya ce. "Na so a ce sau ɗaya ta zauna, wani ya ja mata kujera, ya kawo mata. Ta ce ɓarnar kuɗi ne. Amma ta ɗinka riga."

"Su wa suka zauna maka makoki?"

"Direbobi huɗu da wata maƙwabciya."

Uili ya dubi teku. Sannan ya sunkuyar da kai ya yi addu'a da harshensu, a hankali, ya kira sunan Elisapeta. Da ya gama ya kashe kyandir ɗin da yatsu biyu.

"Na zauna a kujerar uwarka ina zaginka," ya ce. "Tashi. Yunwa nake ji."

Shi da kansa ya ɗauki kek ɗin, babu kwali, ya sauko da shi har ɗakin ɗibar abinci, Peni yana biye. Masu rigar ruwan ɗorawa suka juyo suna kallonsu. Uili ya ajiye farantin a gaban Kaka, ya yi musu bayani a taƙaice, ya ce a matsa. Aka matsa. Wata goggo ta tashi ba tare da ta tambaye shi abin da yake so ba, ta dawo masa da faranti mai tudu. Iakopo ya ɗauki gitarsa ya ce zai sha iska.

Lupe tana can ƙarshen teburin. Wayar Peni ta motsa.

"Me ya hana ka gaya min?"

"A gida kowa ya sani. A jirgin nan babu wanda ya sani, sai nake jin kamar tana ɗaki tana hutawa."

Ya ga ta karanta, ta goge ido da bayan hannu.

"Ka yafe min, Direbana. Ci abincinka. Da hannu."

"To, Kurciya."

Uili bai ba da 'yarsa a cikin jirgi ba. Sai da Peni ya shafe kusan shekara yana zuwa Logan kowace Lahadi bayan coci, da kwalin kaji a kafaɗa, ya zauna a ƙasa, ya wanke tukwane tare da samarin gidan. Sannan aka sa rana.

Ranar ɗaurin auren ɓangaren amarya ya cika har bakin ƙofa. A ɓangaren ango akwai direbobi huɗu da maƙwabciya. Uili ya tsaya a tsakiyar coci ya dubi dama, ya dubi hagu, sannan ya fara nuna 'yan'uwansa da yatsa. "Kai, da kai, da ke da 'ya'yanki, ku koma can. Yau ku dangin ango ne." Rabin iyalan suka tashi suka tsallaka, har da Kaka a kekenta.

A wurin walima wani suruki da ke shirin tafiya da matarsa ya tambayi Uili ko gidan abincin nan na sama ya ci kuɗinsa.

"Fashi ne da rana tsaka," Uili ya ce. "Ka ci ka ƙoshi kafin ka je. Amma ka je. A ƙasa, cikin hayaniyarmu, da har yau ban ji yaron nan ba."

A babban tebur, kusa da ango, an bar kujera ɗaya da shuɗiyar riga a ninke a kanta. Lupe ce ta goge ta da safe. Uili ya ɗauki faranti ya cika shi da gwaza da kifi da nama har yana neman zuba, ya ja kujerar baya kaɗan, ya ajiye a gabanta. Sannan ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan Peni.

"Allah ya jiƙan wadda ta yi mana renonsa," ya ce. "Ku kuma Allah ya yi muku albarka, ya cika muku gida, ya sa teburinku ya yi muku kaɗan."

Zauren ya amsa da amin. Lupe ta tura wa mijinta farantinta, suka sa hannu tare.