Kafintar Tanga da Ɗan Mai Jirgi

Zuhura na ƙwanƙwasa wani tsohon jirgin kamun kifi a bakin tekun Tanga, tana son jin ko katakonsa na da sauran ƙwari, sai wani saurayi ya leƙo daga ƙarƙashi, kansa duk yashi.

"Baiwar Allah, ko ƙofar gida ce ai sau uku ake bugawa."

Kunya ta kama ta, amma ta dake. "Saye na zo yi."

"Jirgin ko ni?"

"Jirgin. Kai ban ga abin sassaƙawa a jikinka ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sunansa Kombo, gyaran injin jirage yake yi, jirgin kuma na babansa ne, ba na sayarwa ba. Ita kuwa ɗan shago gare ta a bayan kasuwa, inda take yanka taswirar Tanzaniya daga katakon jiragen da suka mutu, ta shafe ta da kore, ɗorawa, baƙi da shuɗi irin na tuta.

Tun daga ranar, duk inda Kombo ya ji jirgi ya ruɓe sai ya ɗauro mata katako a babur. Wani lokacin ma guntun da bai isa komai ba yake kawowa, don dai ya zauna ya sha shayi.

Da ya kai maganar aurenta gida, babansa Mzee Faki ya ce bai san zancen ba.

"Wadda ke yanka jirage kamar mahauci? Jirgi ya gama ciyar da gida, ƙarshensa a rataye shi a bango?"

Ana cikin haka, wani mai otal, Bwana Salum, ya ba ta aikin ado na bikin 'yancin kai, ya kuma tsiri zuwa kullum. Rannan Kombo ya gan ta zaune a gaban motar Bwana Salum, sai ya ɗauke ƙafa. Zuhura ta yi ta kallon hanya, aiki ya ƙi tafiya. Da ta gaji ta tura masa saƙo:

"Ɗan Baba, bangon otal na je aunawa. Mai motar ya yi zancen aure, na ce an riga shi. In ba a riga shi ba, ka faɗa min in sani."

Nan take amsa ta shigo:

"An riga shi, Kafintata. Kishi ne ya toshe min kai. Ki yafe min, gani nan tafe."

Saura tsoho. Wata safiya sai ga shi da kansa a shagon, ya zo ne don ya ce ta rabu masa da ɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Shi kuwa idonsa na kan wata babbar taswira, ya nuna wani ɗan ɗigo a jikinta.

"Wannan ƙwayar waken fa?"

"Tsibirin Pemba ne, Baba."

"A nan aka haife ni. Haka za ki mayar da mu?"

Ta miƙa masa kurfin sassaƙa da guntun katako. "To Baba, a gyara mana."

Ya harare ta, ya karɓa, ya zauna. Yana sassaƙa yana ba ta labarin garinsu, tana zuba masa shayi. Har azahar bai tashi ba. Da zai tafi ya shafa katakon, ya ce a hankali, "Gara nan da a bar shi gara ta cinye."

Bayan bikin 'yancin kai aka ɗaura aure. Aka dafa shinkafa da kayan ƙamshi, mata suka yi ta guɗa har unguwa ta ɗauka. Mzee Faki ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kai kuma, in ka ɓata mata rai, ka sani ni babanta ne."

Kombo ya dubi amaryarsa ya ce, "Kin gani ko? Har uban ma kin ƙwace min."

Zuhura ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya, jama'a suka amsa da amin.