Maganin da Ya Daina Don Kunya

Kofin shayi ne kawai ya kife a kan tebur, amma mai gyaran agogo ya daka wa amaryarsa tsawa sai ka ce gidan ta ƙona.

"Haba Maigida! Sori fa na ce. Wai me na yi maka ne kwanan nan?"

Ya fice yana jin kukanta har bakin ƙofa.

Shi kaɗai ya san dalili. Shekara biyu yana shan maganin ciwon damuwa da likita ya rubuta masa. To, ashe yarinyar da yake so ƙanwar mai kemis ɗin da yake saye a wurinsa ce! Ana saura mako ɗaurin aure ya watsar da maganin, ba shawarar likita ba komai, don kada a ce an ba mahaukaci 'ya. Layin kemis ɗin ma ya daina bi.

Yanzu ga shi a rumfarsa, agoguna sai ƙas-ƙas suke yi, ba mai ce masa sannu. Kansa na juyawa, wani abu kamar shokin ɗin lantarki na fizgarsa a ƙeya, ɗan sukuru na ta kuɓuce wa hantsakinsa. Yau fushi, gobe hawaye ba gaira ba dalili. Wallahi kaɗaici ya ishe shi, ga shi kuwa da mata a gida.

Da rana sai ga mai kemis, fuska ba annuri.

"Mama ta ce in kwaso mata 'yarta. Ita kuma ƙanwar tawa ta kafe — wai mijinta ba haka yake ba, ba inda za ta!"

Mai gyaran agogo ya sunkuyar da kai. "Yaya, akwai abin da na ɓoye muku..."

"Ɓoye? Kai malam! Wa ke miƙo maka kwalin nan duk wata? Sirrinka ne, ban faɗa wa kowa ba. Amma ina sane na ce wa Baba a ba ka ita, don mutumin da bai taɓa tsallake maganinsa ba, ba zai yi wasa da amana ba. Ranar da ka daina zuwa hankalina ya tashi."

Kuka ya ƙwace masa kamar ƙaramin yaro.

Da bakinsa ya gaya wa amarya komai. Ta share hawaye ta harare shi. "Ni za ka ɓoye wa? Ni da na ɗauka sona ka daina!"

Tare suka je wurin likita. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, amma ta yi haƙuri har mijinta ya dawo mata. Dama a rashin kira karen bebe ya ɓata: ciwo ba abin kunya ba ne, kuma ba a yanke magani sai likita ya ce.

Yanzu kullum bakwai na safe, agogon da ya ba ta tun suna zance ne ke kaɗawa. Sai ta miƙo masa ruwa da maganinsa.