Noti Takwas a Injin Motar Tattasai

Rana ta yi ja a kan Diffa, masu tattasai sun fara ɗaure buhuna, lokacin da Illiassou ya karya noti na biyu. Makanike ne, mutumin Damagaram, shekararsa goma sha ɗaya a garin. Ba shi da gareji. A filin gidansa yake aiki, inda yake zaune da matarsa Biba da ƴarsu Ilham mai shekara goma sha biyar.

Motar da yake gyarawa wata tsohuwar a-kori-kura ce ta wani ɗan kasuwa, Elhaji Moustapha. Ambaliya ta rutsa da ita a wata gonar tattasai a bakin kogin Komadugu, ta yi damina biyu cikin laka kafin a jawo ta. Aikin farko shi ne a cire manifol, ƙarfen nan mai rassa da ke shigar wa inji iska. Noti takwas ne ke riƙe da shi, duk tsatsa ta cinye su. Kwana biyu Illiassou yana ɗiga musu man birki, yana ƙwanƙwasa su da guduma a hankali. Ko ɗaya bai motsa ba. Biyu suka karye, kawunansu a sifana, gindinsu a cikin inji.

Biba ta leƙo daga madafa ta ce ya bari sai da safe, ga ladan zai kira sallar magariba. Ya ce minti biyar kawai. Ya jawo wutar walda, ya ɗora sabon noti a kan guntun da ya karye, ya kunna. Da haushi a ransa ya yi, bai ko yi bisimilla ba.

Ƙarfen ya yi ja. Sai wani siririn sauti ya fito daga cikin manifol ɗin, kamar kukan jariri da aka toshe wa baki. Ya kashe wutar. Iskar da ke kaɗa ganyen dogon yaro ta tsaya cak. A bakin randa, Ilham ta saki butar da take cikawa, ta tsaya tana duban motar, ruwa na bin ƙafafunta.

Kashegari, daidai wannan lokaci, jifa ta fara. Abu na faɗowa kan kwanon ɗaki, ya gangaro ƙasa. Biba ta ɗauki ɗaya ta yar da sauri, don da zafi yake. Curin laka ne irin ta bakin kogi, baƙa, mai ƙarnin kifi, alhali tsakaninsu da ruwa tafiya ce mai nisa. Maƙwabta suka zagaya bayan katanga da sanduna, ba su ga kowa ba.

Ilham ta daina cin abinci. Da rana tsaka sai a same ta tsugune a gindin motar, ta kara kunne da ƙarfe, tana lilo da jikinta kamar mai rarrashin goyo. In an kira sunanta ba ta waiwayowa. Rana ta huɗu, uban ya ɗauki injin huda zai fasa guntun notin. Ilham ta kama wuyan hannunsa. Hannun nata sanyi ƙalau, riƙon kuwa har ƙashi. Ta buɗe baki ta yi magana da muryar tsohuwa, cikin wani irin Barbarci mai nauyi, ita da ko cinikin kasuwa ba ta iyawa da harshen.

Biba ta durƙushe tana salati. Illiassou ya fita ba takalmi, neman malami.

Goni Laminu ya zo bayan la'asar. Tsoho ne siriri, mahaddaci, mutanen kwarin kogi sun san shi da irin wannan aiki. Bai tambayi komai ba sai da ya zagaya motar sau ɗaya, ya sunkuya ya shinshina injin. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, Biba ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya zauna daf da kunnenta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa.

An jima ba abin da ya faru. Can yatsun Ilham suka fara lanƙwashewa. Wuyanta ya juya sannu a hankali, har ya wuce inda wuyan mutum ke tsayawa. Idanunta suka sauka kan ubanta.

Goni ya ce, da Hausa, don masu gida su ji: "Wace ce ke? Me kika zo nema a gidan Musulmi?"

Muryar ta amsa da Hausa mai karkata. Ta ce ita mutuniyar ruwa ce. Da kogi ya janye ya bar ta a tudu da ƴaƴa huɗu ƙanana, ta sami ramin ƙarfe mai sanyi da duhu ta zuba su ciki. Ita ta ɗaure ƙofar da hannunta, ƙulli takwas. Aka jawo su cikin gari, ta yi shiru. Aka yi ta buga musu guduma, ta yi shiru. Sannan wannan mutumin ya kawo wuta.

"Autana ya ƙone tun daga wuya har cibiya. Ɗa ya taɓa mini, ƴa na kama."

Illiassou ya ce wallahi bai sani ba, da ya sani da ko kusa da motar bai je ba. Goni ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

Muryar ta ce za ta tafi da yarinyar ƙarƙashin ruwa ta yi mata jinyar ɗa. Goni ya ƙi. Ta ce to a ba ta hannun daman uban, ya shanye. Goni ya ƙi, ya ci gaba da karatu, yana ɗaga murya kaɗan-kaɗan. Jikin Ilham ya dinga bugun tabarma, Biba na kuka ba sauti, ba ta sake ta ba. Inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida kafin muryar ta ce ya isa, ya isa, yana ƙona ta.

Goni ya ce: "Kin ji zafin wuta, kin san abin da ake ji. Mutumin nan bai gan ku ba. Zai mai da ku ruwa da hannunsa kafin rana ta faɗi. Ke kuma ki fita, ki yi alkawari da sunan Allah ba ke ba gidan nan."

Sai muryar ta ce ba wuta, ba guduma, kuma in uban ya ajiye su a ruwa kada ya waiwayo. Ta yi alkawarin sau uku. Ilham ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Illiassou ya nufi motar. Ya yi bisimilla ya taɓa notin farko. Da yatsa biyu ya juya shi, ya fito sumul kamar an shafa masa mai. Haka na biyu, haka sauran, har guntayen nan biyu da suka karye a ciki. Ya ɗaga manifol ɗin ya naɗe shi da sabon zanen Biba. Ƙarfen da ya saba ɗauka da hannu ɗaya, ranar sai da ya rungume shi a ƙirji, kuma yana jin ɗumi ta cikin zanen.

A amalanken wani maƙwabci suka tafi, shi da Goni. Sun isa bakin Komadugu rana na taɓa kan itatuwan ƙetare. Masunta sun riga sun tashi. Goni ya tsaya a tudu. Illiassou ya shiga ruwa har gwiwa, ya sunkuya ya ajiye ƙunshin a hankali, ya ce a yafe masa. Ya juya ya fara takowa.

A bayansa ruwa ya motsa. Ya ji muryar tsohuwar, yanzu ba fushi a cikinta, tana ƙirga ƴaƴanta suna fitowa.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Ta tsaya. Ya ji ana kwance zane, ana lalube cikin ƙarfe, ana neman na huɗu, autan. Ta sake farawa daga ɗaya, a hankali, ta kai uku, ta tsaya.

Goni ya miƙo hannu ya kama shi, ya jawo shi tudu, ya ce ya yi ta tafiya. Har suka hau amalanke, har jakin ya kama hanyar gari, suna jin ta tana ƙirgawa.