Jatau da Ƙwaryar Ruwa

A wani zamani can baya, an yi wani tsoho gwanin busa algaita. Wata rana samari biyu, Jatau da Barmo, suka zo koyo wurinsa.

Tsoho bai ba su algaita ba. Sai ya miƙa wa kowannensu karan alkama da ƙwaryar ruwa, ya ce, "Ku yi ta busawa cikin ruwan. Kada kumfa ta yanke, ko da kuna jan numfashi."

Suka busa yau, suka busa gobe, har wata ya cika. Jatau ya ƙosa, ya ce, "Baba, algaita na zo koya, ba wasan yara ba."

Tsoho ya ce, "Saura kaɗan, ɗana."

Jatau ya kifar da ƙwaryarsa, ya yi tafiyarsa. Barmo kuwa ya zauna.

Shekaru suka wuce, tsoho ya rasu. Ranar bikin ɗan Jatau, Barmo aka kira. Ya yi ta busa algaita ba yankewa, har tsofaffi suka miƙe suna rawa.

Autar Jatau ta raɓo shi, ta ce, "Baba, wai tare kuka fara koyo?"

Jatau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Tare muka fara, 'yata."

Ya tashi ya koma zaure, ya zauna shi kaɗai yana saurare, yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa.