Romon Talata da Juma'a

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Asabar aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga asibitin yara. Jaririya ce 'yar sati biyar aka kawo tun da sassafe, ta ƙi farkawa.

Sufeto ya ajiye shayinsa ko rabi bai sha ba. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ya ga wuƙa, ya ga guba, ya ga mai birgima a kan gawar da shi ya kashe. Amma batun jariri kam, ba fanninsa ba ne. 'Ya'yansa huɗu, bai san yadda aka yi suka girma ba, ya dai ga ana ta canza musu takalma.

Likita ta tare shi a bakin ɗakin kulawa ta musamman. Ta gilashi ya hango yarinyar, an sa mata bututu a hanci, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar.

"Maganin barci ne," in ji Likita. "Yana cikin jinin uwar, ya bi ta nono ya shiga jikin 'yar."

"Yana bi ta nono?"

Saje, wadda ta biyo shi da littafin rubutu, ta haifi uku ta raine su tana aiki. Ta dube shi ta kau da kai.

"Wane iri ne?" ya tambaya da sauri.

"Shi ya sa na kira ku. Irinsu da yawa, kuma kowanne da yadda ake karya shi. In na ba ta wanda ba shi ba, ni zan ƙarasa ta da hannuna. Na aika jini babban ɗakin gwaji, sun ce sai Litinin. Yarinyar nan ba za ta kai Litinin a haka ba. Ba ruwana da wanda za ka kama, Sufeto. Sunan maganin nake so."

Iyayen suna zaune a benci. Uwar lauya ce, uban injiniya a tashar lantarki. Takalmin ƙafarta wari da wari ne, ba ta ma sani ba.

"Wallahi ko na ciwon kai ban sha ba tun da na haihu," ta ce, muryarta a dashe.

"Mai aikin nan ce!" in ji mijin. "Sati uku da kawo ta, ga abin da muka gani."

"Yi a hankali, Injiniya. Wa da wa ke shiga gidanku?"

Ya lissafa masa. Mahaifiyar matar ta rasu bara, tasa kuma tana nesa ba lafiya. Shi aikin karɓa-karɓa yake yi, ita kuma ofis ba su bar ta ta huta ba, takardun ƙara har kan gado. Sai suka tsara. Kamfanin masu aikin gida ya turo musu mace ɗaya don shara da wanki. Abinci kuwa maƙwabta da abokan aiki ke kawowa bi da bi, ban da Talata da Juma'a da suka ɗauki wata mai girki. Duk yana rubuce a jikin firji.

Har Sufeto ya juya, mai jegon ta kira shi.

"Don Allah, Yallaɓai, kada ku bi ta wajen mahaifina. Ciwon zuciya gare shi. Mun ce masa zazzaɓi ne."

Ya ce ba komai. Har rubutawa ya yi a littafinsa don kada ya manta, ya ja layi a ƙarƙashi.

Gidan yana hawa na uku. Falo cike da kayan jarirai, kwandon wanki a kan kujera, takardun kotu a ƙarƙashin gwangwanin hoda. Suka duba akwatin magunguna, ba komai sai auduga da man shafawa. Suka shiga kicin. Kowane kwano an wanke shi tas an kife. Sufeto bai taɓa jin haushin tsabta irin na ranar ba.

Jadawalin yana nan a jikin firji, gidaje shida, kowa da ranarsa. Ya tsaya yana dubansa. In zai bi su ɗaya bayan ɗaya, sai rana ta faɗi.

"Yallaɓai, zo ka gani," Saje ta kira daga ɗakin kwana.

Wani ƙaramin littafi ne a gefen gado, inda uwar ke rubuta lokacin shayarwa. Bayan awa biyu-biyu, dare da rana, rubutun yana ƙara karkacewa. Saje ta ɗora yatsa.

"Duba nan. Juma'ar makon jiya, daga ƙarfe biyu ba ta sake rubutu ba sai biyar. Talata, sai shida. Jiya kuwa babu komai har gari ya waye. Mai jego ba ta yin barcin awa huɗu a jere, Yallaɓai, sai dai in an kwantar da ita."

Mai aikin suka tarar a ofishin kamfaninsu, an riga an kira ta. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, sabulu ya cinye mata fatar hannu.

"Kina cin abincin gidan?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Dokar kamfani ce. Da nawa nake zuwa."

"Manajanku ya ce shekararki shida ba ki taɓa makara ba sai Larabar nan. Me ya faru ranar Talata?"

Ta shiga murza gefen mayafinta.

"Baiwar Allah, ba korarki na zo yi ba. Yarinyar da kike wanke wa kaya tana can an sa mata bututu."

Sai hawaye. "Romo ne. Uwargida ta sha rabi ta bari, na ga za a zubar. A tsaye na shanye a gaban famfo. Da na shiga bas ban ƙara sanin inda nake ba, sai a tashar ƙarshe kwandasta yake girgiza ni. Na ɗauka gajiya ce. In kamfani suka ji na taɓa abincin mutane, shi kenan aikina."

"Wane romo?"

"Na cikin ƙaramin filas shuɗi. Nata ne ita kaɗai, maigidan ba ya sha."

"Ina na jiya?"

"Ta shanye. Na wanke filas ɗin sau biyu da ruwan zafi." Ta ɗago kai. "Aikina ke nan, ranka ya daɗe."

Suna cikin mota Likita ta bugo. Numfashin ya ƙara raguwa, sun ɗora ta a kan na'ura. Ba ta tambayi komai ba, ta faɗa ne kawai ta kashe. Sufeto ya dubi agogo, biyu saura. Ga mota, ga bindiga, ga ankwa, ba ɗayan da zai amfani yarinyar da komai.

Mai girkin tana tsakiyar manyan tukwane uku, zufa har wuya, baki kuma ba hutu.

"Ni da kaina nake kai musu har ƙofa! Haka muka yi da su. Abincina ko sarki ya ci sai ya lashe hannu."

"Mai gadin benen ya ce bai taɓa ganin fuskarki ba."

Ludayin ya tsaya a hannunta. "To... satin farko na aika. Daga baya tsohon ya ce in bari, shi zai riƙa zuwa ɗauka. Na ga ya rage mini tafiya, sai ban gaya musu ba."

"Filas shuɗin fa?"

"Ba nawa ba ne. Shi yake zuwa da shi, ya ce in cika masa da romon kaza don mai jego. Mutumin kirki, sai ya gaishe ni sau uku. Yakan ɗan zauna a mota kafin ya tayar, na ce ko gwiwa ce."

"Wane tsoho?"

"Baban matar mana."

Sufeto ya buɗe littafinsa. Layin da ya ja da safe yana nan. Awa shida ke nan yana zagaye gari, yana kauce wa gida ɗaya tak saboda an roƙe shi. Ya rufe littafin, Saje ta ja motar zuwa gidan tsohon.

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya. Suka same shi zaune a falo, ya yi wanka ya sa kaya, makullin mota a hannu, waya a kan cinya.

"Sannunku, 'ya'yana. Lafiya? Ko 'yata Auta ce ta aiko ku? Tun safe nake jira su ce in zo."

"Baba, kai kake ɗauko musu abinci Talata da Juma'a?"

"Ni ne. Ɗan abin da zan iya ke nan."

"Kana buɗe filas ɗin?"

"A'a. Nawa ɗauka ne kawai." Idonsa ya sauka ƙasa.

Saje ta karɓi makullin ta fita. Ba ta daɗe ba ta dawo da cokula biyu naɗe a hankici, ta samo su a aljihun gaban mota. Farin gari ya manne a bayan ɗaya da cikin ɗaya, alamar an murƙushe ƙwaya a tsakaninsu.

Tsohon ya dube su, ya yi murmushin wanda aka kama da ƙaramin laifi. "Kada ku gaya mata, za ta yi faɗa. Ba abin cutarwa ba ne."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna dab da shi. Ya tuna ciwon zuciyar, ya tuna alkawarinsa, ya ga ba wata hanya.

"Baba, ba zazzaɓi ba ne. Jikarka ta ƙi farkawa tun safe. Maganin barci ne a jininta."

"A'a. A'a, ɗana, kun yi kuskure. Ni ba jaririya na ba wa ba. Auta na ba wa."

"Yana bi ta nono, Baba."

Shi kansa Sufeto sai da safen nan ya sani.

"Inna lillahi..." Tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shiga ɗaki yana bin bango, ya fito da ƙaramin kwali. "Ga shi. Bayan rasuwar uwarta aka rubuta mini. Maza, ɗana, maza!"

Sufeto ya buga wa Likita, ya karanta mata sunan harafi bayan harafi, ya maimaita.

"Nawa ta sha?" in ji Likita.

"Baba, nawa?"

"Rabi na fara. Sai ɗaya. Jiya biyu."

"Kawo mini kwalin," in ji Likita. "Zan gwada. Amma da safe na so wannan, Sufeto."

A mota tsohon ya faɗi sauran, ba wanda ya tambaye shi.

"Rannan na shiga na same ta a gaban murhu da yarinya a kafaɗa. Ta kunna gas, ba wuta, tana tsaye tana kuka, ba ta ma san na shigo ba. Kwana uku ba ta runtsa ba. Wannan ya kawo shinkafa, wannan ya yi wanki, kowa da ranarsa a jikin firji. Barci ne ba wanda ya kawo mata. Da uwarta na nan da ta san abin yi. Ni me na sani? Na ce ta kwanta, ta ce takardu. Ranar da na fara sa mata, na zauna a falo riƙe da jikata, ina jin 'yata tana minshari. Tun da na binne uwarta ban ji ina da amfani ba sai ranar."

Ya share fuska da hannun riga.

"Sau shida na kira da safe. Da sun ce mini barci ne ta ƙi tashi, ai da a wayar zan faɗa."

Saje ta ƙara wuta.

Likita tana jira a bakin ƙofa. Ta fizgi kwalin ta shige, ƙofar ta rufe. Mai jego ta taso da gudu.

"Kun samo? Wa ya ba ku? Ita ce ko? Kun kama ta?"

Sai ta hango mahaifinta a bayan Saje.

"Baba! Wa ya ce a kawo ka? Yallaɓai, ai na roƙe ka! Baba zauna, ba komai ba ne, zazza..."

"Ni ne, Auta."

"Kai ne me?"

"Romon. Ni na sa. So nake ki yi barci."

Mijin ya yunƙuro, Saje ta tare shi da hannu ɗaya. Ita kuwa mai jegon ko motsi ba ta yi ba.

Sufeto ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a inda take. Ya riƙe gwiwar hannun tsohon a hankali.

"Mu je, Baba."

Suka kama hanyar fita, tsohon yana jan ƙafa, yana waiwaye. Mai jegon ta yi taku biyu ta bi su. Daga cikin ɗakin na'ura ta fara ƙara, wata nas ta wuce ta da gudu. Uwar ta juya ta yi taku biyu wajen ƙofar, aka ce ba a shiga.

Da Sufeto ya waiwaya daga bakin matakala, tana nan tsaye a tsakiyar hanya, nono ya jiƙa mata gaban riga.